Agogon Auta a Shagon Daƙiƙa

A garin nan da ke maƙale a jikin tsauni, idan mutum biyu suka yi gardama a kan ƙarfe nawa, ba rana suke duba ba. Shagon Daƙiƙa suke leƙawa. Shago ne ɗan tsukuku tsakanin mai aski da tela, daidai gindin matakalar da ke hawa zuwa tankin ruwa. Teburi ɗaya ne a ciki, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi waɗanda in ka yi atishawa a kansu sai an kwana uku ana tsinta. A bango akwai babban agogo mai lilo, wanda shekara arba'in bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba.

Sunan mai shagon na ainihi ya daɗe da ɓacewa. Tun yana saurayi, da ya koyi gyaran agogo, in ka tambaye shi lokaci ba ya cewa "wajen uku". Sai ya ce maka uku saura minti huɗu da daƙiƙa ashirin, ya kuma tsaya yana kallonka kamar kai ka ɓatar da ashirin ɗin. Daga nan sunan ya bi shi. Mutum ne siriri, mai tsabta, idonsa na dama ya ɗan fi na hagu girma saboda gilashin da yake maƙalawa in zai duba cikin agogo. Ba shi da mugunta ko kaɗan. Amma yana da doka guda, kuma dokar nan ta fi mugunta gajiyar da mutane.

Ba ya jiran kowa fiye da minti goma sha biyar.

"Biyar na hanya," in ji shi, "biyar na gaisuwa, biyar na ajizanci. In sun wuce, ba jira kake yi ba, kanka kake wulaƙantawa."

Da wannan doka ya bar yayansa a tasha da buhu biyu a ka. Da ita ya tashi daga layin likitan haƙori, kumatu a kumbure, ya koma shago ya yi sati yana aiki da ido ɗaya yana hawaye. Mutanen gari sun yi magana har sun gaji. Hali zanen dutse ne, kuma dutse kam garin ba ya rasa shi.

To, Allah da ikonsa, sai ya haɗa shi da matar da duk gari ke kira Ga-Ni-Nan. Ita ba ta musu, ba ta faɗa. Ka kira ta, ta amsa da murya mai daɗi, "Ga ni nan!" Sai ka gan ta bayan awa ɗaya. Ba minti hamsin ba, ba awa da kwata ba. Daƙiƙa ya auna abin shekara talatin da biyar, ya tabbatar awa ɗaya ce cif. Yakan ce da agogo ce, gyaranta ba zai ɗauke shi minti biyu ba.

Yadda ma aka yi suka yi aure abin dariya ne. Sau uku yana zuwa ƙofar gidansu, a shiga a faɗa mata, ta ce ga ta nan, ya ƙirga goma sha biyar ɗinsa ya hau kekensa ya tafi. Sau uku tana fitowa ta tarar da sawun taya. A zuwa na huɗu ƙaya ta huda masa tayar baya. Yana durƙushe yana fama da faci, yana zagin ƙaya da wanda ya shuka ta, sai ya ga ƙafafu a gabansa. Har yau in ya tuna yakan ce ba shi ya jira ta ba, keke ne ya jira ta.

'Ya'yansu maza uku sun girma sun gangara garuruwan ƙasa neman abinci. Ta huɗu, Auta, ita ce ta girma a ƙarƙashin teburin shago, tana tsintar masa kusoshi da yatsunta ƙanana. Ita kaɗai ta san yadda ake zama da iyayen nan biyu. In akwai tafiya ƙarfe goma, sai ta ce wa ubanta goma, ta ce wa uwarta tara, a haɗu a ƙofar gida lafiya lau. Daƙiƙa ya san da wannan dabara, kuma tana ci masa rai, don ƙarya ce a kan lokaci. Amma tun da ba daga bakinsa ta fito ba, sai ya kau da kai.

Auta ta yi karatun noma. Da ta gama, aka ɗauke ta aiki a wata cibiyar binciken dankali, a wani gari can bayan teku, shi ma a kan tsauni.

"Dankali?" in ji Daƙiƙa ranar da takardar ta zo. "Ke, leƙa ta taga. Mene ne wancan a gonar bayan makaranta?"

"Dankali ne, Baba."

"To shi wane laifi ya yi miki, da za ki hau jirgi awa goma sha uku ki je kallon ɗan'uwansa?"

Ya yi ta faɗa har kwana uku, a rana ta huɗu ya zauna ya cire mata agogon hannu mafi kyau a shagon. Ranar tafiya bai yi kuka ba. Ya dai tsaya a tasha yana gaya wa direba cewa ya makara da minti bakwai.

Kafin ta tafi suka tsara yadda za su riƙa gaisawa. Garin Daƙiƙa a wani lungun tsauni yake, sabis ɗin waya ba ya sauka sai can sama wajen tankin ruwa, bayan matakala ɗari biyu da goma sha biyu. Ita kuma a wurin aikinta ana kulle wayoyi a akwati tun safe, ba a buɗewa sai hutun ƙarfe sha ɗaya. Garin nata yana bayan nasu da awa biyar, saboda haka sha ɗayanta ita ce huɗunsa na yamma. Aka tsayar da Laraba, ƙarfe huɗu. A kunnen uwarta kuwa Auta ta raɗa, "Umma, Laraba ƙarfe uku."

Wayar da ta bar musu ba ta yi sati biyu da lafiya ba. Daƙiƙa ya lura agogon cikinta yana gaba da na bango da minti ɗaya, ya ɗauko sukundirebansa ya buɗe ta don ya nemo inda ake rage mata gudu. Da ya mayar, gilashin ya yi baƙi ƙirin, bai sake nuna komai ba. Amma tana ringi, koren maɓalli yana aiki, shi kuma ya haddace lambar Auta. Ya ce abin da waya ke buƙata ke nan, sauran duk iyayi ne.

Sai ya janyo wani tsohon agogo mai lilo da ya daɗe a ƙarƙashin teburi, ya yi sati biyu yana wanke masa haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ya rataye shi kusa da babban, ya saita shi baya da awa biyar, ya manna takarda a ƙasansa ya rubuta AUTA. Daga ranar shagon ya zama gari biyu.

Ƙarfe takwas in ya buɗe shago, agogon Auta yana nuna uku. Sai ya leƙa wajen mai aski.

"Rage rediyon nan."

"Don me?"

"Yarinya tana barci."

Mai aski, wani ƙato mai son gardama kamar abinci, ya ajiye almakashi. "Daƙiƙa, tsakaninmu da ita akwai teku fa."

"Na sani. Rage dai."

Ya rage. Sha biyun rana Daƙiƙa zai ɗaga kai ya ce wa duk wanda ke tsaye, "Ta tashi." Ƙarfe ɗaya ya ce, "Ta fita, Allah ya sa ta ɗauki rigar sanyi." Mutum ya kawo agogonsa a sa masa batir, sai ya fita da labarin abin da Auta take yi a wannan minti. Wata tsohuwa ta taɓa leƙowa ta duba lokaci, ta dubi agogon da bai kamata ba, ta koma gida ta sake dafa karin kumallo.

A kan bencin ƙofar mai aski aka yi wa lamarin fashin baƙi. Mai aski ya ce shi ya gane: mu muke fara amfani da rana, in mun gama da ita sai a tura musu. Tela, wanda ba ya magana sai da allura a baki, ya ce wato ranar gwanjo suke samu. Daƙiƙa ya ce jahilci ne, amma a ransa ya ji daɗi. Ko ba komai, garinsu ya riga wancan da awa biyar, kuma ba yadda za su yi su kamo shi.

Kowace Laraba yana kulle shago huɗu saura ashirin, ya hau matakala, ya isa tanki huɗu saura biyar. Ga-Ni-Nan, wadda ta fito don ƙarfe uku, takan iso huɗu daidai tana haki. Wayar ta yi ƙara. Yakan zo da tambayoyinsa a rubuce a bayan kwalin batir, don kada a ɓata minti.

"Tsaunin naku da namu, wanne ya fi tsawo?"

"Nasu, Baba. Ya ninka namu."

"Daga ina suka fara awo? Ki bincika. Sanyi fa?"

"Ruwa yana daskarewa a bokiti."

"Mu ma haƙora suna kaɗawa. Awaki?"

"Babu awaki a titi. Karnuka ne, su ma da rigar sanyi."

Wannan labari ya kai sati biyu a kan benci. Tela ya kasa barci a kan yadda ake auna kare. Da Auta ta ce su can ba sa hawa tsauni da ƙafa, akwatin ƙarfe ake shiga a rataye a jikin igiyar ƙarfe a ja ka sama, mai aski ya ce ai ko guga ma da haka yake rayuwa, kuma kowa ya san ƙarshen guga. Daƙiƙa yana kare garinsu a kowane fanni. Gajimaren can yana sauka da safe, nasu da yamma, kuma kowa ya san na yamma ya fi hankali. Dankalin can manya ne, nasu ƙanana, amma babban dankali ruwa ne kawai.

Abu ɗaya ne ya kasa karewa. Auta ta ce a can, in an rubuta mota za ta zo bakwai da minti goma sha biyu, to bakwai da minti goma sha biyu take zuwa. 

"Kullum?" ya tambaya a hankali.

"Kullum, Baba."

Ya sauko ranar jikinsa a sanyaye. Ashe akwai garin da ya kamata a haife shi a ciki, aka yi kuskuren adireshi. Daga nan ya daina faɗin laifin mutanen can. In an taɓa su a benci sai ya ce a bar su, mutane ne masu mutunci.

Wata takwas ana haka, sai wata Laraba Auta ta ce, "Baba, ka saurara da kyau. Ranar Lahadi za a mayar da agogon garin nan baya da awa ɗaya, kowa da kowa. Haka suke yi in sanyi ya shigo. Daga mako mai zuwa sai ƙarfe biyar ɗinku zan kira."

Daƙiƙa ya yi dariya har da riƙe tanki. Auta tun tana ƙarama ta iya tsokana.

"Wa zai mayar?"

"Hukuma, Baba. Doka ce."

"Hukuma ta kama rana ta ɗaure ta awa ɗaya? Ke, ni za ki yi wa wannan? Mutanen da motarsu ke zuwa a kan minti, su ne za su yi wasa da agogo? In naki ne yake ja da baya, datti ne ya shiga. Kada ki bari kowa ya buɗe shi, ki ajiye sai kin zo."

"Baba, wallahi da gaske..."

Sai ya shiga yi mata bayanin yadda lokaci yake, tun daga fitowar rana har zuwa haƙoran agogo. Yana tsakiyar bayani gajimare ya sauko, sabis ya ɗauke. Ga-Ni-Nan, da ke miƙo hannu tun ɗazu, ba ta samu ko sallama ba. Ta tambaye shi me yarinyar ta ce, ya ce shirme ne irin nata. Washegari dai ya ba da labarin a benci aka sha dariya.

Laraba ta zagayo. Huɗu saura biyar yana tanki. Wayar ta yi wani ɗan ƙit-ƙit a aljihunsa, kamar yadda take yi in saƙo ya shigo, amma da yake gilashin baƙi ne sai ya ce batir ne ke ƙorafi. Huɗu ta yi, shiru. Ya danna lambar Auta, aka ce a kashe take. Huɗu da kwata ya mayar da waya aljihu.

"Malam, mu ɗan ƙara mana," in ji Ga-Ni-Nan.

"Biyar na hanya, biyar na gaisuwa..."

"Na san sauran."

Suka sauko. Laraba ta biyu ma haka, ga yayyafi. Laraba ta uku Ga-Ni-Nan ta zauna a kan dakalin tanki ta ce ita ba inda za ta. Ya ce to, ya sauko da wayar a aljihunsa, don ba a taɓa raba shi da ita ba. Ta zauna can ita kaɗai har gajimare ya rufe ta, tana jiran kira ba tare da waya ba. Shi kuma yana shago, waya a kan teburi, inda ko aljani bai isa ya same shi ba.

Abin ya ci shi ƙwarai. Tsoro ne ya fara zuwa, ko ba ta da lafiya. Sai tsoron ya juye ya zama wani abu mafi ɗaci: ta saba da can ne. Ta samu garin da komai ke zuwa a kan lokaci, me za ta yi da tsoho mai wayar da ba ta gani? Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai daina cin dankali, ya ce yana kumbura masa ciki. Ya daina cewa a rage rediyo. Mai aski da kansa ya riƙa ragewa, yana leƙowa ko za a yi masa magana, ba a yi ba. Amma kowace safiya, kafin ya taɓa komai, sai ya sa mabuɗi ya murza agogon Auta, ya goge masa gilashi da hannun riga.

Ranar Talata mai aski ya shigo yana sosa ƙeya. "Daƙiƙa, ko dai maganar nan da yarinyar ta yi, ta mayar da agogo..."

"Ni na taɓa koya maka aski?"

"A'a."

"To."

Laraba ta huɗu da safe ya ajiye wayar a kan tabarma a gaban matarsa. Ya ce shi ya gama hawa. Wanda ya saɓa alkawari sau uku ya faɗi abin da ke ransa.

"Ni zan je," in ji Ga-Ni-Nan. "Ƙarfe uku ina can."

Haushin sati uku ya taso masa gaba ɗaya. "Wane uku? Huɗu ne! Huɗu ne tun farko! 'Yarki ce ta rage miki awa ɗaya don ta san halinki. Wata tara kina hawa a kan ƙarya!"

Ta dube shi, ba ta ji haushi ba. "Ashe? Allah ya yi mata albarka. To, huɗun ina can."

Sai da ya isa shago ya gane abin da ya aikata. Ya gaya wa Ga-Ni-Nan lokaci na gaskiya.

Duk mai hawa tanki dole ya bi ta ƙofar shagonsa. Huɗu saura ashirin ya fara kallon titi. Huɗu ta buga, babu ita. Huɗu da kwata, babu ita. Ya maƙala gilashi a ido, ya cire, ya sa wa wani agogo batir a juye. Huɗu da rabi sai ga ta, tana tafe kamar mai rakiyar kunkuru, waya a ɗaure a bakin mayafi. Ta tsaya ta gaida tela, ta tambayi jikin surukarsa.

Daƙiƙa ya fito. "Ina za ki yanzu? An wuce lokaci da rabin awa!"

"Sannu ba ta hana zuwa, Malam."

"Ba ni wayar."

"In mun sauko."

Ta fara hawa. Ya bi ta don ya karɓi wayarsa, ko shago bai kulle ba. Matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, ita kuma ba siririya ba ce, saboda haka dole ya bi ta a baya, da irin tafiyarta. A mataki na arba'in ta tsaya ta huta. A na tamanin ta tsaya ta taya wata mata sauke bokiti. A na ɗari da ashirin ta tsaya don akuya ta kwanta a hanya, ta ce a bar ta ta gama tunaninta. Shi yana baya yana karanto mata lokaci kamar mai sanarwa a tasha: biyar saura ashirin, biyar saura kwata, biyar saura bakwai. Tana cewa, "Madalla."

Suka isa tanki biyar saura minti ɗaya. Ya buɗe baki zai yi jawabin da ya shirya tun daga mataki na goma, wayar ta yi ƙara a bakin mayafi.

Ya kasa kwance ƙullin, sai da ta kwance masa. Ya danna kore.

"Baba? Baba! Kai ne?" Auta kuka take yi. "Sati uku ina kira ana cewa ba a samunku! Saƙo bakwai na turo! Na ɗauka wani abu ya same ka, ko Umma. Jiya har kuɗin jirgi na tambaya. Baba, ai na gaya maka biyar! Na gaya maka!"

 Duk ranakun da yake saukowa da fushi, ashe minti arba'in da biyar ne tsakaninsa da muryar nan. Ya ji kunya, ya ji daɗi. Sai ya tambaye ta:

"Ƙarfe nawa ne a wurinku?"

"Sha ɗaya da minti ɗaya."

Ya dubi hannunsa. Biyar da minti ɗaya. Ya ƙirga da yatsu, abin da bai taɓa yi ba a gaban mutum. Awa shida ce tsakani.

"Da gaske suka mayar?"

"Kowa da kowa, Baba. Har motar."

"Ban yi zaton haka daga gare su ba," in ji shi, da muryar wanda amini ya ci amanarsa. Sai ya miƙa wa matarsa wayar, ya juya baya yana duba tankin ruwa kamar an aiko shi ya nemo inda yake yoyo. Uwa da 'ya suka cinye sauran mintunan a kan rigar sanyi da ko tana cin abinci. Bai ce musu lokaci yana tafiya ba.

Shida saura kwata suka sauko. Mai aski da tela suna tsaye a ƙofar shagon da aka bari a buɗe. Daƙiƙa ya wuce su, ya tsaya a gaban agogon Auta, wanda sati uku ke nan yana gaba da ita da awa ɗaya. Duk "ta tashi" da ya faɗa a ransa, ashe tana barci.

"To mayar da shi baya mana," in ji mai aski.

"Irin wannan ba a juya hannunsa baya. Haƙoran bugu za su karye."

"To tura shi gaba, ya zagayo."

"Awa goma sha ɗaya? In tsallake wa yarinya yini guda tana zaune?"

"To yaya za a yi?"

Daƙiƙa ya buɗe murfin gilashin. Hanya ɗaya ce, kuma duk mai gyaran agogo ya san ta. Shida saura minti goma daidai ya sa yatsa ya tare ƙarfen da ke lilo. Agogon ya yi tsit.

"Sai a tsayar da shi," in ji shi, "a jira ta ta iso."

"Har yaushe?"

"Awa ɗaya."

Tela ya cire allura daga baki. Mai aski ya janyo benci ya zauna, ya ce wannan ko da kuɗi ake kallo zai biya. Ga-Ni-Nan ta ce bari ta je gida ta kawo masa shayi, ga ta nan.

Ya zauna a kujerarsa, hannu a gwiwa. Minti goma sha biyar na cika ƙafarsa ta dama ta miƙe da kanta, ya sa hannu ya danne ta. Rabin awa, gumi ya keto masa duk da sanyin yamma. Mai aski ya gaji ya tafi rufe shago, tela ya bi shi. Gajimare ya sauko titi, aka fara kunna fitilu. Daƙiƙa ya juya kujerarsa ya ba babban agogo baya, ya fuskanci ƙofa.

Da ya ji takun takalminta a kan dakali, ya miƙe ya tura ƙarfen lilon da yatsa. Agogon Auta ya ɗauka. Sannan ya waiwaya ya dubi babban: bakwai saura minti goma, ko daƙiƙa ba ta ɗora ba.

Ta ajiye masa kofin a tsakanin gwangwanaye. 

"Kin zo a kan lokaci," in ji shi.

"Kullum haka nake zuwa, Malam," ta ce, tana gyara mayafi. "Kai ne ba ka tsayawa."